Baitocin Da Na Datse Daga Waƙar Kawu

Haƙorina ɗaya na gaba na roba ne. In an tambaye ni nakan ce faɗuwa na yi a babur. Ƙarya nake yi. Ɗan kawuna ne ya cire min shi da naushi a Birnin Kudu, ranar kasuwa, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Kawu malamin allo ne a Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. Da matarsa ta rasu, wadda duk muke kira Inna, sai ya rubuta mata waƙar ta'aziyya da ajami. Ranar sadakar arba'in ya rera ta a zaure, ba kiɗa ba komai. Na ce, "Kawu, in naɗa a waya?" Ya ce in naɗa. Izinin naɗa kawai na nema, shi kaɗai kuma aka ba ni.

Da na dawo Birnin Kudu inda nake koyarwa, sai na ga ya kamata duniya ta ji. Na zo ɗorawa a shafina na sada zumunta, ta yi tsawo. Sai na datse ƙarshen. A wautata, baitocin ƙarshe ba su da wani daɗi: nan ne mawaƙi yake faɗin sunansa da garinsa, ya faɗi sunan mamaciya, ya roƙi duk wanda ya ji ya yi mata addu'a. Na ɗora sauran haka nan, ban rubuta ta wane ce ba. Waƙa ta yi ta yawo daga waya zuwa waya. Masu tambayar muryar wane ce wannan ban ko kula su ba, ina can ina jin daɗin yabo, kaina ya kumbura kamar ni na yi ta.

Bayan kaka, babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya kawo riɗi kasuwa. Manomi ne, ƙato, maganarsa a wuni ba ta cika cokali ba. Ya sayar, na rako shi tasha. Muna wucewa ta gaban rumfar masu tura waƙoƙi a waya sai ya tsaya cak.

Waƙar Inna ce ke tashi daga lasifika. An sa mata kiɗan fiyano, an yi sauri da ita, an mai da ita kukan saurayin da budurwa ta guje masa. Samari biyu suna taka rawa daidai baitin da Kawu yake faɗin yadda aka fito da makara. A ƙarshe mai rerawa ya kira sunan kansa har sau uku. Shi ne ma mai rumfar, yana zaune da baƙin tabarau yana gyaɗa kai.

Yaya ya nufi rumfar. Ya sunkuci lasifikar ya maka ta da ƙasa, ta tarwatse. Ya damƙi wuyan mai rumfar ya fizgo shi ta kan tebur, wayoyi suka watse. Ya shara masa mari, tabarau ya yi sama.

"Uwata ce! Uwata kuke wa rawa!"

Kafin ka ce me, samarin rumfunan sun rufe shi. Wani ya ɗauko benci ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Wani ya zare bel yana tsula masa ta wajen ƙarfen. Kansa ya fashe, jini ya wanke masa fuska, amma hannunsa ɗaya bai saki wuyan nan ba. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na tsinci guntun katako na shiga rabo, wanda na samu na ba shi. Na fasa wa wani baki, aka yaga min riga har cibiya. Ina jin kaina jarumi mai kare mutuncin gidanmu.

Mai rumfar, idanunsa sun firfito, ya samu ya nuna ni da yatsa.

"Wallahi ba ta da mai ita! A shafin wannan malamin na same ta, ba suna ba komai!"

Yaya ya sake shi. Ya juyo ya dube ni ta cikin jinin. Bai tambaye ni ko gaskiya ne ba, fuskata ta riga ta ba shi amsa. Naushi ɗaya ya yi min da hannun da bai karye ba. Na tofar da haƙorina a ƙasa.

Dattawan kasuwa suka raba. Aka yi wa Yaya ɗinki, aka ɗaure hannu, na bi shi Farin Dutse a mota ɗaya, ba mai kallon wani.

Na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa komai. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce in kunna masa abin da na ɗora. Ya sunkuyar da kai yana saurare, leɓunansa suna bin baitocin. Da muryar ta yanke, bakinsa ya ci gaba shi kaɗai, sannan ya tsaya.

"Ɗan nan, mutum nawa suka ji ta a haka?"

Na ce, "Suna da yawa, Kawu. Ba za su ƙirgu ba."

Kawu ya ɗago kai.

"Duk sauran baitocin na yi su ne don mutum ya daure ya kai ƙarshe, ya ji sunanta," in ji shi. "Duk jama'ar nan, ashe ko mutum ɗaya bai ce Allah ya jiƙanta ba."