Malam Labaran, Wanda Ya Dawo Mini da Muryar Zahra'u

Tun kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Labaran yakan hau tsohon babur ɗinsa daga Badarawa ya nufi Unguwar Sarki, inda makarantar da ya yi wa aiki har gemunsa ya yi fari take. Ba malamin aji ba ne. Makarantar ta ba wani kamfani a Legas kwangilar ajiye mata komai, darussa da sakamakon yara da hotuna, a wani wuri wai shi gajimare. Daga baya aka bayyana mini cewa manyan ɗakuna ne cike da na'urori a wata ƙasa. Aikin Malam Labaran shi ne sa ido a kan masu ajiyar.

Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. Duk farkon wata sai ya zaɓi wani tsohon abu, ya buga wa kamfanin waya ya ce su fito masa da shi yanzu, ya gani da idonsa. Akwai wani ma'aikacinsu Mansur, malamai sun sha jin yadda suke yi.

"Baba, kai ba ka gajiya ne? Wancan watan ma mun fito maka da shi!"

"Ɗana, matar da ta kai tukunya ajiya ba ta leƙawa, ranar biki kasko za ta tarar."

Shi ne kuma ya nace wa masu makarantar sai an yi ajiya ta biyu a wani wurin dabam, mabuɗinta a hannun makaranta. Ya ce rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. Suka yarda don ya bar su su huta.

Ni ban san wannan duka ba. Ban yi boko mai nisa ba, abin da na sani shi ne 'yata Zahra'u tana koyar da ƙananan yara a can. Lokacin korona da aka rufe makarantu, takan ɗauki darasi da muryarta a tura wa yara gida. Bara mota ta kife da ita a Rigachikun, Allah ya karɓi abarsa. Wayarta ma ba a gani ba. Ta bar mini 'yarta Na'ima, ko yaye ba a yi mata ba.

Da Na'ima ta fara magana, sai wani tsoro ya kama ni. Yarinyar nan za ta tashi ba ta san muryar uwarta ba. Ni kaina na fara laluben muryar a kaina ina rasawa. Na ɗauki mayafi na tafi makarantar neman darussan nan da ta ɗauka.

Shugabar makarantar, Hajiya Yalwa, ta sa aka buɗe kwamfuta a gabana. Babu komai. Ko sunan Zahra'u babu. Sai Hajiya ta dafe ƙirji tana salati. Ashe a kwanakin zaman makoki, duk malamar da ta kunna kwamfuta sai hoton Zahra'u ya fito mata tana murmushi, sai kuka ya ɓarke a ofis. Don tausayi Hajiya ta kira kamfanin da kanta ta ce a cire sunan marigayiya. A lokacin Malam Labaran yana ƙofar gidanmu a kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Ba ta san cewa a tsarinsu, in aka cire sunan mutum, duk abin da ya ajiye yana binsa ba.

Mutanen da ba su taɓa ganin 'yata ba, su danna abu ɗaya, shi ke nan? Wallahi ji na yi kamar an sake ɗaukar makararta a gabana.

Aka kira Malam Labaran. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya buga wa Mansur, muna ji.

"Baba, wannan kam ya tafi. An daɗe da sharewa, ko mai kamfanin ba zai iya ba."

Malam ya ajiye waya ya dube ni. "Mama, ba zan yi miki alkawari ba, don ban duba ba tukuna. Ki je gida. Ajiya maganin wata rana ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya yi sallama a ƙofar gida. Ya zauna a zaure, ya ajiye wata 'yar na'ura a kan tabarma, ya danna, ya sunkuyar da kai.

"Yara, kun tashi lafiya?"

Ita ce. Har da ɗan tarin nan da take yi kafin ta fara karatu. Ashe a ajiyar nan ta biyu ya samo ta. Na'ima kuwa da ke riƙe da zanina ta leƙa na'urar, ta ce, "Lafiya lau."

Malam Labaran, yanzu an ce ido ya matsa maka, za ka ajiye aiki. Kai ne ka yarda a kira ka mai naci shekara da shekaru, ba ka san don wa kake yi ba. Kai ne mai leƙa tukunya. Ba ni da abin ba ka sai addu'a. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya tsare maka naka kamar yadda ka tsare mini nawa.

Ku kuma da kuka ba baƙi ajiyar kayan mutane, a asibiti ne ko ofis ko makaranta, ku nemi irinsa ku ajiye, kuma in ya dame ku da naci ku yi haƙuri da shi. Kullum da safe Na'ima sai ta gaida uwarta kafin ta sha koko.