Kusurwar da Zomon Hajiya Ya Zaɓa

Ku da kuka fara aiki da mu bana, akwai wata rana da har gobe ba zan manta da ita ba, kuma ba a kan kare ko rago ba ne, a kan zomo ne. A lokacin ina mataimakin likita a ɗan asibitin dabbobin nan namu na Iyana Ipaja, a Legas. Aikin mataimaki shi ne riƙe dabba a kan tebur, wanke ciwo, da zuwa gidajen mutane idan likita ta tura shi. Da yake ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, duk wanda ya shigo da hula a ka ni ake ƙwala wa kira.

Bayan babbar Sallah ne, aiki ya lafa. Sai ga wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, haifaffen Agege, sunansa Murtala, ya shigo da kwali ya dire a gabana. Cikinsa farin zomo ne, ƙato.

"Oga, abeg ku duba wannan abin," in ji shi. "Kullum fitsari a ɗakin Baba. In babu allurar da za ta tsayar, gaskiya yanka shi zan yi."

Likita ta duba shi tsaf, ta ce lafiyarsa ƙalau, horo kawai yake bukata, ta ce in bi Murtala gida. A cikin danfo, motar haya, ya ba ni labari. Zomon na mahaifiyarsa ne, Hajiya Yelwa, wadda ta rasu gab da azumi. Da tana raye a keji take ajiye shi a can bayan gidansu. Tun da aka kai ta, mahaifinsa Alhaji Ilu, tsohon direban babbar mota, ya shigo da shi ɗaki ya sake shi, kuma ba ya son a yi maganar.

Horon ba wuya gare shi ba. Zomo dabba ne mai tsafta, kusurwa ɗaya yake zaɓa ya riƙa biyan bukatarsa a can. Kai naka shi ne ka gano kusurwar, ka ajiye roba mai faɗi marar zurfi, ka shimfiɗa tsofaffin jaridu, ka zuba harawa a gefe ɗaya, domin yana son ya riƙa ci yana yi. Sai ka ɗebi kashinsa kaɗan ka zuba ciki don ya ji warin kansa, ka goge sauran wuraren da ruwan khal, wato binega. Ba duka, ba tsawa. Babban sharaɗin shi ne zomo ke zaɓen wuri, ba kai ba.

Ina shiga ɗakin hancina ya kai ni wurin. Kusurwar da ya zaɓa ita ce inda akwatin ƙarfen marigayiya yake, da kwanukanta jere a kai, da dardumarta a naɗe. Na durƙusa na gaishe da Alhaji, na yi masa ta'aziyya, na ce sai an matsar da kayan.

"Ɗana, ba a taɓa wurin nan," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Kun san ni da gajen haƙuri, amma ranar na bi umarninsa. Na ajiye robar a bayan ƙofa, na tare kusurwar da kwali, alhali na san aikin banza nake yi. Haka kuwa aka yi. Zomon ya cinye harawar, ya huda kwalin, ya koma wurinsa.

Zuwana na biyu na tarar da Murtala ya kai wuya. A gaban mahaifinsa ya jawo akwatin ya buɗe. Fitsari ya sa gindinsa ya yi tsatsa ya ɓule, zannuwan da ke ƙasa duk sun jiƙe sun yi dabbare-dabbare. Ya ɗago wani leshi.

"Baba, da wannan Mama ta je bikin ƙanwata Hauwa. Kun hana a raba kayanta, kun hana a taɓa, ga shi dabba tana lalatawa. Wallahi ni na gaji. Yau sai dai a zaɓi ɗaya, ko kayan ko zomon."

Tausayinsu duka biyun ya kama ni, don kowa da gaskiyarsa. Tsohon ya daɗe yana kallon leshin. Zomon kuwa ya zo ya kwanta a kan ƙafarsa, bai san kansa ake shari'a ba.

"Likita," Alhaji ya ce da ni, "tsakaninka da Allah, zai canja wuri?"

"Baba, da wuya. Ko ya canja, sai kayan nan sun gama lalacewa."

Ya sunkuya ya shafa bayan zomon. Sannan ya ce da Murtala, "Kira 'yan'uwanka mata, ku gaya wa liman ya zo a raba kayan. Haƙƙinku ne, na riƙe shi da yawa." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki dardumar da hannunsa ya ɗora a kan gado. Murtala ya fita waje, muna jin kukansa.

Da na koma dubawa bayan ɗan lokaci, kusurwar wayam, sai shatin tsatsar akwatin a kan siminti, da robar a tsakiya. Ɗakin ba wari. Zomon na ciki yana cin harawa. Na ce, "Baba, ya koya ke nan."

"Ya koya," ya ce. "Kullum da safe Hajiya takan tsaya ta yi masa magana, ban taɓa tambayarta me take ce masa ba. Ni dai ina kwana nake ce masa."

Na yi sallama na fito. Tun daga ranar, idan an kawo mini dabba, nakan fara tambayar ta waye ce kafin in tambayi abin da ke damunta. Ku ma ku riƙa tambaya, don wani lokacin mai ita ba ya duniya.