Ram Ɗin Da Na Ƙara Wa Kwamfutata

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu da ke unguwar Kwarbai ba a wasa da kunyar ɗan fari. Har furfura ta fara leƙo mini a gemu ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira wancan." In na durƙusa gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, shi ke nan an sallame ni. Ƙannena kuwa har gardamar siyasa suke yi da shi. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Sana'ar Baba zanen riga. Shi ke zana aikin da masu ɗinkin hannu za su bi da allura a kan babbar riga, da alƙalamin kara da tawada, a zauren gidanmu. Duk zanen da ya gada wurin maigidansa ko ya ƙirƙira da kansa, yakan kwafe shi a takardar buhun siminti ya adana a adaka. Ni ban gaji sana'ar ba, boko ta kai ni ofis a Kaduna.

Shekarar da ciwon sukari ya fara cin idonsa, ita ce kuma shekarar da gara ta shiga adakar. Na ɗauki hutun mako uku na taho gida, na ɗauki hoton takardun ɗaya bayan ɗaya da waya, na zuba su a kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Sai dai babu rubutu ko ɗaya a jikin takardun. Sunan kowane zane da yadda ake bin sa, duk a cikin kan Baba suke. A takarda ya daina ganin layi, amma in aka buɗe hoton a kwamfuta aka faɗaɗa shi, ya matso da fuskarsa ga hasken, yana ganewa. Likita ya riga ya gaya mana wannan ɗan ganin ma ba mai daɗewa ba ne. Dole ta sa muka zauna tabarma ɗaya, shi yana faɗa, ni ina rubutawa.

Kwamfutar tsohuwa ce 'yar gwanjo, ga nawar tsiya. In na danna hoto, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, yana juyawa, ana iya dama fura a shanye kafin ya gaji. Ni kuwa gajen haƙuri a jinina yake. In yi tsaki, in ƙwanƙwasa mata kai, in duba agogo.

A cikin wannan jira ne Baba ya fara magana. Ba da ni yake ba, a'a, wa zai ce ya yi hira da ɗan fari? Zoben yake kallo yana yi. Ya ba zoben labarin maigidansa na Tudun Jukun, wanda ya sa shi ya shekara yana jan layi miƙaƙƙe kafin ya yarda ya taɓa yadin mutane. Ya gaya masa dalilin da ya sa ba a yin tsinin zanen aska takwas kai ɗaya, domin riga a kafaɗa ake kallonta, ba a tabarma ba. Ya ba shi labarin ranar da akuya ta cinye masa rabin zanen wani ango, ya yi dariya har da tari. Ranar na fara sanin Baba yana da wushirya a ƙasa. Amma da zarar hoto ya buɗe, ko a tsakiyar kalma yake, sai ya katse, ya gyara murya, ya ce, "Tambari ne wannan, da dagi a gefe. Wuce."

Ban rubuta labaran ba. Lokacin da yake ba da su kwamfutar a sandare take, ni kuma hankalina na kan lissafin kwanaki: hoto goma muke yi a wuni, ga tarin hotuna a gaba, ga hutu na gudu, ga ido na rufewa. Ina jin daɗin muryarsa, ba zan yi ƙarya ba, amma ina jin ta ne kamar yadda mai jiran mota ke jin rediyon mai shayi.

Ran kwana na tara, bayan azahar, zoben na juyawa, Baba ya ce, "Shekarar da aka sami wani yaro a gidan nan, na yi wani zane, ban ba kowa shi ba. Ana jibi suna na zauna a nan wurin, na ce..."

Hoton ya buɗe. Ya katse, ya matso, ya ce, "Aska biyu. Wuce."

Na danna na gaba, sai kwamfutar ta ƙame gaba ɗaya. Raina ya ɓaci, na rufe ta da ƙarfi, na tari Keke Napep sai unguwar Kongo, wurin wani mai gyara da ɗalibai ke kai wa nasu. Dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawar magana.

Na ce, "Malam, an ce in aka ƙara mata ram za ta yi sauri. Gaskiya ne?"

Ya ce, "Ba kullum ba, Yallaɓai. Ram kamar tabarmar aiki ne. In tabarmarka ƙarama ce, yadin kuma babba, kullum kana cikin naɗe wannan gefe ka warware wancan. In nan matsalar take, ƙari zai yi magani. In kuwa ma'ajiyar ce ta tsufa, ko ta kwashi ƙwayar cuta, ko ka shimfiɗa mata tabarmar masallaci ba za ta motsa ba. Bari in duba tukuna."

Ya kunna, ya buɗe hoto ɗaya, ya nuna mini wani layi da ya cika maƙil. Ya ce tawa ta tabarma ce. Ya kife ta, ya kwance ƙusoshi, ya soka wani ɗan koren abu da bai fi tsawon yatsa ba. Da ya sake kunnawa, hoton ya buɗe kafin in ɗauke yatsana. Na yi ta sa masa albarka.

Washegari na shigo zaure ina taƙama da abin da aka ƙara mata. Na danna, hoto ya fito. Baba ya faɗi suna. Na danna, wani ya fito. Ya faɗi suna. Babu zobe, babu akuya, babu maigidan Tudun Jukun. Ƙarar madannai kawai da "wuce, wuce." Akwai wani zane da ya daɗe yana kallo, har ya kai yatsa ya shafa gilashin, sannan ya ce, "Wannan ba shi da suna." Na rubuta babu suna, na wuce.

Can da la'asar Baba ya ce, yana kallon kwamfutar, "Abin nan da aka ƙara mata, ana iya cirewa?"

Dariya na yi. Na ce, "Haba Baba, wa zai koma wa wahala?"

Ya ce, "Haka ne."

Aikin da na yi zaton ba zai ƙare ba, a kwana biyu muka gama shi. Baba ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," ya dafa bango ya miƙe. Saura kwana goma a hutuna, amma babu sauran dalilin zama. Sau ɗaya na gwada, na shigo da hantsi na zauna a bakin tabarmar. Ya ce, "Akwai sauran aiki ne?" Na ce babu. Ya ce, "To," ya jawo rediyonsa. Muka koma gaisuwar safe da ta yamma, yana kallon bango, har na koma Kaduna.

Kafin damina idon ya rufe. Bayan Babbar Sallah Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai na shiga wurin Inna, mahaifiyata, wadda ita ma ba ta kallon idona. Tana tsince shinkafa a faifai ta ce, "Kwanakin nan na na'ura, tun daga sallar asuba yake tambaya ko an kawo wuta ta samu caji. Bayan an kai ta gyara kuwa, cewa ya yi mai gyaran ya cuce shi." Na tambaye ta zanen nan marar suna, da abin da ya ce ana jibi suna. Ta girgiza kai. Ta ce maganar zaure ba ta shigowa cikin gida.

A tsakar gidan nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Na ceci zanen Baba duka, kowanne da sunansa in ban da ɗaya, ga su nan a jere ba wanda ya ɓace. Amma maganar da ya shekara arba'in yana neman hanyar gaya mini, ni da kaina na hau Keke na je na toshe hanyar, har ina sa albarka.

Har yau a ofis in wani ya tambaye ni ko ƙarin ram na sa kwamfuta sauri, nakan ce ya kai a duba tukuna, in tabarmar ce ta yi kaɗan, ƙwarai kuwa yana sawa. Ba na ƙara komai a kai.

Bara na koma wurin dattijon nan na Kongo domin ya share mata ƙura. Yana cikin aiki na ji bakina ya yi masa tambayar da Baba ya yi mini, ko ana iya cire abin da aka ƙara.

Ya ce, "Cirewa? Ai ba wani abu ba ne." Ya ɗan buɗa wasu maƙalai biyu da farce, koren abin ya ɗago da kansa. Ya ɗora mini shi a tafin hannu. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Ya ce, "A mayar, Yallaɓai?"

Na tsaya ina kallon abin a hannuna.