Goggo Tsince Za Ta Ajiye Tsintsiya

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, ita ta riga ta iso. Takan gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta wuce ɗan ɗakin da ke bayan ofishin malamai, inda ake ajiye tsintsiya da manjagara da baro. A can take sauya takalmi, ta ɗaura tsohon zanin aiki a kan na jikinta, ta sa safar hannu, ta fara zagaye. Da ajujuwan ƙananan ɗalibai take farawa. Ta ce sharar ƙanana ta mantuwa ce, ba ta da wahala. Ta manya kuwa ta ganganci ce, gara ta bar ta sai jikinta ya saki. Daga ajujuwa sai banɗakuna, daga banɗakuna sai gindin bishiyar da masu sayar da abinci ke zama. Kafin ɗalibai su fara shigowa, baro ya cika an juye, ya sake cika.

Sunanta na gaskiya yana cikin takardun ofis, amma ko shugaban makaranta Goggo Tsince yake ce mata. Sunan ya fito ne daga kalmar da ta fi yawa a bakinta. Idan ta ga yaro ya yar da leda, ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Sai ta turo baro ta tsaya a gabansa, ta ce, "Tsince, ɗana." Ba za ta ƙara ko kalma ba, kuma ba za ta gusa ba. Na sha ganin ƙarti 'yan ajin ƙarshe, waɗanda mu malamai ma lallaɓa su muke yi, sun duƙa a gaban wannan 'yar tsamurmurar tsohuwa. Ni malamin ilimin ƙasa ne a wannan sakandare. Na zo na tarar da ita, kuma a ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya bayan shekara ashirin da ɗoriya. Shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa jama'a abin da idona ya gani.

Shekarun baya hukumar tsaftar muhalli ta fito da doka a kan shara, ta aiko wa makarantu. Dokar ba ta da wuyar ganewa. An hana ƙona shara a cikin makaranta, an hana zuba ta a kwata ko bayan katanga. Leda da roba wurinsu daban, takarda daban, ragowar abinci daban, kwalba da duk abin da ke yanka shi ma daban. Motar hukuma za ta riƙa zuwa kwasa, makarantar da ta saɓa kuma a ci ta tara ko a rufe ta. Aka sayo manyan kwanduna masu launi-launi, aka jera su a gaban ofishin shugaba gwanin sha'awa. Aka karanta dokar a taron safe, ɗalibai suka tafa.

Tafin nan shi ne iyakar biyayyarsu. Ba a jima ba kwando biyu suka zama ragar ƙwallo, wani kuma aka kife shi ana kiɗa a kai. Ka tambayi ɗalibi abin da doka ta ce, sai ya zayyano maka tiryan-tiryan, yana magana yana cusa ɓawon lemo a ƙarƙashin teburinsa. A jarrabawa sukan ci tambayar raba shara ba kuskure, su gama su wurga ledar ruwa ta taga. Shugaba ya sa shugabannin ɗalibai su riƙa kama masu laifi ana ba su horo. Abu ɗaya yaran suka koya daga wannan: a waiga kafin a yar.

Wata rana Goggo ta tari shugaba a bakin ofishinsa, ina tsaye.

"Yallaɓai, kwandunan nan na ado ne ko na shara?"

Ya yi dariya ya ce, "Na shara ne mana, Goggo."

"To, yaron da ya sha ruwa a bakin filin wasa ba zai tako har nan da leda a hannu ba. Su a wurinsu ƙofar ofishinka wurin bulala ne. Ka ba ni su in kai inda sharar take."

Shugabanmu mutum ne mai sauraro, ya ce ta ɗauka. Ta kai na ragowar abinci gindin bishiya, na leda bakin famfo da bakin fili, na takarda barandar ajujuwa. Ta roƙi malamin zane ya zana wa kowanne hoton abin da ake sa masa. Ba zan ce makaranta ta zama tas ba. Amma yaron da a da sai ya yi tattaki kafin ya bi doka, yanzu hannu kawai zai miƙa, kuma da yawansu sun fara miƙawa.

Babban tashin hankali da damina ya zo. Kwatar da ta fito daga banɗakin 'yan mata ta toshe, ruwan ƙazanta ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga shagon wani tela maƙwabcinmu, ya ɓata masa yadin mutane. Telan ya zo ofis a fusace, daga nan ya wuce ya kai ƙara. Duba-gari suka zo suka sa aka buɗe kwatar, sai ga audugar mata cunkus haɗe da ledoji. Suka ce idan suka dawo suka tarar da irin wannan, kwaɗo za su sa wa makarantar. Ga shi kuwa 'yan ajin ƙarshe suna dab da jarrabawar fita.

Muka shiga taron malamai. Wani ya ce a rufe banɗakin, wata ta ce a tara 'yan matan a zane su har su faɗi masu yi. Ita Goggo a lokacin tana bakin banɗakin, ta kife bokiti ta zauna, tana hira da yaran kamar jikokinta. A nan wata yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, kwandon fa a waje yake, a hanyar da maza ke bi zuwa fili. Da wane ido zan fito da abin a hannu?"

Goggo ta samu babbar malama, suka je wurin shugaba tare.

"Yallaɓai, ba taurin kai ba ne, kunya ce. Kai ma uban 'yan mata ne. A sa bokiti mai murfi a cikin kowane banɗaki, magana ta ƙare."

"Wa zai riƙa kwashewa?" in ji shugaba.

Sauran masu shara biyu da ke wurin kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Goggo ta ce, "Ni."

Daga ranar har yau ita ke kwashewa, ta ƙulle a leda, ta ajiye wa motar hukuma. Ba a ƙara mata komai a kan wannan aiki ba. Da ta tashi daga aiki a ranar kuwa, shagon telan ta nufa da bokiti da sabulu, ta taya shi wanke daɓe. Shi da kansa ya faɗa mini. Ya ce, "Malam, na rantse sai na ga an rufe makarantarku. Amma tsohuwa ta durƙusa tana goge mini ƙasan keken ɗinki, me zan ce kuma?" Duba-gari suka dawo, suka leƙa kwata, suka leƙa banɗakuna, suka koma da kwaɗonsu.

Goggo, ke ce kika zauna kika tambayi yara dalili lokacin da mu muke gardamar irin hukuncin da za a yi musu. Ke ce kika ɗauki aikin da kowa ya kau da kai daga gare shi, ba ki taɓa yi wa wata yarinya gori a kai ba. Ɗaliban da suka zauna jarrabawa a shekarar nan, wasunsu yanzu suna jami'a, mafi yawansu ba su san da hannunki a ciki ba.

Hannun nan kuwa ya biya kuɗin gangancin wani. Wani ɗalibi ya fasa kwalbar gwaji a ɗakin kimiyya, tsoron faɗa ya sa ya naɗe fasassun a takarda ya cusa a kwandon takardu. Goggo ta zo tana danna takardun da hannu don su shige buhu. Gilashin ya keta safar, ya shiga tafin hannunta na dama har ya taɓa jijiya. An yi mata ɗinki a asibiti, amma yatsunta biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba.

Na je duba ta a gida. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an jera tsofaffin gwangwanayen fenti a jikin bango, barkono da tumatir sun fito a ciki, ta ce da takin ɓawon kayan miya take ciyar da su. Jikokinta uku, 'ya'yan babbar 'yarta da ta rasu, suna zaune kusa da ita, babbar cikinsu tana ba ta ruwa a baki. Maigidanta, tsohon direban babbar mota, yana ta ƙoƙarin sa ta dariya.

"Malam, ni ne ɗalibinta na farko. Ko ɓawon gyaɗa na yar a gidan nan, sai na ji 'tsince'. Da furfurata!"

Ta harare shi ta ce, "Kuma har yau ba ka ci jarrabawa ba."

Da aka gano yaron da ya yi abin, kwamitin ladabtarwa ya ce kora. Mahaifiyarsa ta zo tana kuka. Goggo ta dawo aiki da bandeji, ta ce wa shugaba, "In kun kore shi, yatsuna za su warke? Ku ba shi horonsa ya ci gaba da karatu. Ni dai a bar ni in yi magana a taron safe." Ba ta taɓa hawa dandamalin nan ba sai ranar. Ta ɗaga hannun sama, ta bari kowa ya gani.

"'Ya'yana, abin da kuka jefa a kwando ba ɓacewa yake yi ba. Hannun mutum ne ke ɗaukarsa. In ba nawa ba, na masu motar shara, in ba nasu ba, na masu tsince-tsince a bola. Duk suna da 'ya'ya kamar ku. Maganata ke nan."

Ta sauka ta koma wurin baronta. Ba wanda ya tafa. Amma tun daga ranar, cikin dokokin nan duka, ta raba kwalba da abin yanka ita ce ban ƙara ganin ɗalibi ya karya ba. Sababbin shiga ma tsofaffi ne ke ja musu kunne tun makon farko.

Idan aka tambaye ni yau ko ɗalibanmu na bin dokar shara, zan faɗi gaskiya: suna bi, amma ba duka ba, kuma ba kullum ba. Ba a ƙara cinna wa shara wuta ba, kwata ba ta ƙara toshewa ba. Leda da takarda kuwa har yanzu ana cakuɗa su, musamman bayan hutun cin abinci, lokacin da kowa ke gudun kada a rufe masa aji. Ƙanana sun fi manya kiyayewa. Da an fita ƙofar makaranta kuma, sai ka ga wanda ya bi doka a ciki ya saki leda a titi. Na taɓa yi wa Goggo ƙorafin wannan. Ta ce, "Malam, yaron da ya ga babansa na wurga roba ta tagar mota, ni kaɗai zan iya da shi? Na yi nawa, ku ma ku yi naku."

Makon jiya 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawar fita. Kowace shekara a irin wannan rana sukan yayyage tsofaffin takardunsu su watsa sama don murna, fili ya yi fari fat, su fice su bar wa masu shara. Bana ma sun yaga, sun watsa, sun yi ihunsu. Wasu suka ruga ƙofa. Sai wata doguwar yarinya ta nufi ɗan ɗakin kayan aiki ta fito da tsintsiya, wasu suka bi ta, maza suka ɗauko baro da buhuna. Ba malamin da ya sa su. Goggo ta taho da manjagara, suka karɓe, suka kawo mata kujera daga aji.

"Goggo, yau zama za ki yi. Ke ce mai duba mu."

Ta zauna tana nuna musu inda suka tsallake. Na matsa kusa da ita na ce, "Kin ga dai kusan rabinsu sun gudu."

Ta dube ni ta ce, "Malam, da can duka ne ke gudu."

Goggo Tsince, uwar marasa jin magana, mun gode. Mun gode da sammakonki, da haƙurinki da 'ya'yan mutane, da yatsu biyu da kika bari a aikin nan. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya miki jikokinki, Ya sa ki ci fanshonki cikin kwanciyar hankali.

Ku kuma masu karatu, kowace makaranta tana da irinta, kuna wuce su kullum ba ko sannu. Gobe idan kun kai yaranku, ku tsaya ku gaida mai sharar da sunansa. Idan kun sha ruwa a hanya, ku riƙe ledar har ku ga kwando, domin yaron da ke riƙe da hannunku yana kallo.