Ɗauko Motar Baba Daga Maigatari

Gagarawa zuwa Gumel

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, na fita tasha da Baba. Shekararsa tamanin, amma ya ƙi zama a gida. Tsohuwar motarsa za mu ɗauko, baƙa ƙirar Faransa, wadda ya bari a gidan amininsa tun yana malamin dabbobi a Maigatari. Aminin ya rasu, magada za su raba gida. A Gumel muka sha koko da ƙosai, muka tarar da Malam Bitrus direba da tirelarsa mai shimfiɗaɗɗen baya wadda muka ɗauka haya. Ƙarfe bakwai muka tashi.

Maigatari

Motar ba ta tashi, kuma babu abin ɗaga ta. Malam Bitrus ya ba da shawarar a tura ta kara, inda ake loda shanu, a hau da ita ta tudun lodi. Mutum takwas suka tura, Baba na riƙe da sitiyari. Aka ɗaure ta da sarƙa biyu, aka sa wa tayoyi gungume.

Na ce wa Baba ya sauko mu shiga gaban tirela. Ya girgiza kai.

"Ba wanda ya taɓa ɗaukar ta ba na ciki. Ku ja mu tafi."

Na roƙe shi, direba ya roƙe shi. Ƙarfe goma sha ɗaya muka haƙura.

Hanyar dawowa

Idona bai bar madubi ba. A shingen farko ma'aikaci ya zaci daga Nijar muka shigo da ita, sai da ya karanta takardunta da suka yi jawur, ya ɗaga kai ya hango Baba a sama, ya gaishe shi, ya buɗe mana.

Mun wuce Gumel da kamar kilomita goma muka faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Na ji ƙarar ƙarfe, na ga motar ta zame baya. Ban san lokacin da na dira ba. Sarƙa ɗaya ta tsinke, tayar baya saura taƙi guda ta bar tirela. Baba na zaune, gumi ya jiƙa masa hula.

"Na taka birki," in ji shi. "Ku ɗaure."

Wasu manoma suka ara mana igiyar rijiya. Sauran tafiyar a bayan tirela na yi ta, ina riƙe da ƙofarsa.

Gagarawa

Ƙarfe uku muka isa. Ƙafar Baba ta sandare don bai ɗaga ta daga birki ba, sai ɗaukar sa muka yi. Da muka zo sallama Malam Bitrus ya ja ni gefe, ya ce ya duba, birkin ko ɗigon mai babu, gungume ne ya tare ta. Na gode masa, na gode wa Allah. Har Baba ya rasu ban faɗa masa ba.