Akwatin da ke ƙarƙashin kantar Baba Yohanna

Jiya na shiga wani shago a Sabon Gari neman cajar waya, sai mai shagon ya ce, "Kai, ba kai ne ɗan Samarun nan da na taɓa kora ba?"

Na ɗaga kai. Ashe Baba Yohanna ne, kansa duk furfura.

Muna sakandare shi ke ba da hayar kaset ɗin bidiyo. Fina-finan Indiya da na kokawa suna jere a kanta, amma kowa ya san akwai wani akwati a ƙasa na fina-finan batsa, sai manya. Wata rana abokai suka zuga ni na je na tambaya. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in ɓace kafin ya aika wa babana. Ban tsaya ba sai gida.

Da muka tuna wannan jiya, ni da shi muka yi ta dariya. Na ce, "Baba, ina akwatin yanzu?"

Ya ce, "Na ƙona shi tuntuni. Faifan sidi ya zo, aka koma turawa a memorin waya, yanzu ko turawar ba a buƙata. Ba na alfahari da wancan akwatin, ɗana. Amma a lokacin dole ka tsaya gabana mu haɗa ido. Waya ba ta tambayar shekarun kowa."

Nan dariyata ta tsaya, don a makon nan na yi wa 'yata alkawarin wayarta ta farko.

Iyaye, ku yaya kuke yi a gidajenku? Ni dai har yanzu ban saya ba.