Shafin da Ya Rage a Gafakar Inna

Shekarun baya can, ina budurwa a Sandamu, awara nake soyawa a ƙofar gidanmu da la'asar. Na gama sakandare kenan, kuma a ganina duk unguwar babu mai ilimina.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata mata Kirista, 'yar ƙabilar Ibo, da muke kira Madam. Mijinta kayan gyaran babur yake sayarwa a bakin titi. Sun fi shekara ashirin a garin, ita da mahaifiyata kuwa kullum kwanon abinci na ƙetare katangar nan. Da mijin ya rasu, danginsa suka zo za su koma da ita kudu. Ƙanensa ne ya kwashe shagon, ya aiko mini da kwalin tsofaffin takardu, wai in riƙa naɗe awara.

A cikin kwalin akwai wani littafi mai kauri, bangonsa ya fita, takardunsa sirara masu jan baki. Rubutun ba Hausa ba, ba Turanci ba. Na dai gane irin littafinsu ne na coci, amma na ce tunda su suka bayar, ba ruwana. Kwana biyu ina yaga ina naɗa wa mutane awara da yaji.

A rana ta uku mahaifiyata ta leƙo zaure, ta ga takarda ɗaya a ƙasa. Ba ta karanta boko ba, jan bakin nan ta gane.

"Ke, wannan ba littafin da mijin Madam ke rungumewa ran Lahadi ba ne?"

Na gyara zama na ce, "Inna, ai an canza shi. A Islamiyya an gaya mana ba ainihin Injilar ba ce."

"To, malama. Tunda kin sani, ware mini layin da aka canza da wanda ba a canza ba."

Na ajiye matsamin da ke hannuna, ita kuwa ta ci gaba.

"Allah ya ba Annabi Musa Attaura, ya ba Annabi Dawuda Zabura, ya ba Annabi Isa Injila, kafin namu ya sauka. Duk mun yi imani da su. Abin da hannun mutane ya taɓa, Allah ya san shi, ni ban sani ba. In akwai kalmarsa guda da ta rage a ciki fa? Ita kike barbaɗa wa yaji?"

Ranar ban ƙarasa suya ba. Gida gida ta tura ni, duk inda na tuna an sayi awarata. Mata suna ta tsokanata, wai yau mai awara ta koma sayen takarda. Wasu na tsinto a bola, ɗaya kuma da ƙyar na ƙwace daga bakin akuya. Mahaifiyata ta shafa musu toka don ta tsotse man, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da dutsen guga, ta mayar cikin littafin, ta naɗe da sabon ƙyallen atamfa, kamar yadda take yi wa Alƙur'aninta.

Muka shiga wajen Madam, muka same ta tsakiyar ƙullin kaya. Ashe kwana uku tana nemansa. Ta buɗe farkon littafin, ta sake buɗewa, sannan ta ɗago ta dubi mahaifiyata.

"Inna, shafin farko fa? A nan ya rubuta sunayen yaranmu huɗu da ranar da aka haifi kowa. Rubutun hannunsa kenan da ya rage mini."

Na sake zaga unguwa har magariba, ban samu ba. Da safe mota ta zo. Madam ta rungume ni ta ce, "Daina kuka, 'yata, ai ba ki sani ba." Wannan maganar ta fi duka zafi, domin na sani.

Bayan wata biyar yajina ya ƙare, na kife gwangwanin zan wanke, sai ga takarda a ninke ta faɗo. Shafin farkon nan ne. Ya fi sauran kauri, shi ya sa na shimfiɗa shi a gindin gwangwanin tun ranar farko, na manta. Muka kira lambar marigayin, ba ta shiga. Ba mu ma san sunan garinsu ba. Mahaifiyata ta sa shi cikin gafakar Alƙur'aninta ta ce, "Amana ce, ki ajiye mata."

Inna ta rasu, gafakar tana wajena a Daura. Na yi karatu bayan nan, amma ban taɓa fahimtar imani da littattafan Allah ba kamar yadda na gan shi a hannun tsohuwar nan tana guga. Ina kewarta, ina kewar muryar Madam ta kan katanga. Sunaye huɗun nan na haddace su, duk mai shagon kayan babur da na gani daga kudu sai na karanto masa, ko Allah zai sa ya san su. Har yau babu wanda ya sani, kuma in na buɗe gafakar, takardar tana ƙamshin yajina.